Ragowar Kokon Baba

A duk faɗin Wudil mahaifina ne mutum na farko da aka ce yana da hawan jini, kuma wallahi ko rawani aka naɗa masa iyakar farin cikin da zai yi ke nan. Saura shekara biyu ko uku Turawa su tafi a lokacin. Ni kuwa ina gida zaman zawarci. Aurena na Lajawa ya mutu, na dawo da akwatina da bakina, wanda kowa ya ce shi ya kashe auren. Ban musa ba, don na san abin da na faɗa wa mutumin nan ranar da na fito.

Baba malamin dabbobi ne na En'e kafin ya yi ritaya. Shekara talatin ya yi yana bin rugage da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, yana sa a kayar da bijimi a ɗaure, ya ɗura masa magani ko yana so ko ba ya so. In Bafillatani ya ce saniyarsa ba ta son magani, sai Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "An tambaye ta ne?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai uwata. Ko faɗa zai yi mini, da uwata yake farawa.

Ciwon ya faro da sara a ƙeya, da jiri in ya miƙe. Yayana da ke aikin akawu a birni ya zo ya sa shi a mota, ya kai shi babban asibiti. Likita Bature ya ɗaure masa dantse da wani ƙyalle, ya yi ta hura iska, ya duba, ya sake dubawa, ya girgiza kai. Aka ba shi 'yar kwalba mai ruwan ƙasa cike da fararen ƙwayoyin magani ƙanana, ko ƙwayar wake ba su kai ba. Guda ɗaya kullum da safe. Likita ya ce in bai sha ba wata rana jijiya za ta tsinke masa a kai, ya faɗi, ko dai ɓarin jikinsa ya mutu ko kuma shi gaba ɗaya. Yaya ya ji wannan. Baba kuwa abin da ya ji shi ne inda tafinta ya ce ciwon manyan mutane ne.

Mako guda zaurenmu bai huce ba don 'yan dubiya. Ina daga cikin gida ina jiyo shi yana bayani. "Ba zazzaɓi ba ne, ba shawara ba ce. Jini ne ke hawa. A birni ma sai alƙalai da manyan fatake yake kamawa. Yawan tunani ke kawo shi." Sai ya zaro kwalbar daga aljihun 'yar ciki, ya girgiza ta ta yi ƙara, a miƙa ta hannu zuwa hannu kowa ya leƙa. Akwai maƙwabcinmu, tsohon dillalin shanu, abokin wasan Baba ne tun ƙuruciya. Ya ce shi ma fa yakan ji jiri in ya miƙe. Baba ya ce, "Naka yunwa ce."

Inna, mahaifiyata, ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin ciwon da ba a ɗauka ba. Ta ware wa Baba kwanonsa, da ludayinsa, da butarsa, ta kafa doka cewa kada wanda ya kuskura ya taɓa ragowarsa. Na zaci Baba zai ji haushi. Ina! Daɗi ma ya ji, ya ce gaskiyar Inna, ciwon ya fi ƙarfin jinin yara.

To a nan ne abin yake. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya shanye abu har ƙasan kwano ba. Dattijo ba ya haka. Yakan ce mayunwaci ne ke ƙarar da kwano, mai gida sai ya rage wa na baya. Kokon safe komai daɗinsa sai ya bar kamar tsawon yatsa biyu a ƙasa, ya ture kwanon ya yi hamdala. Da, 'ya'yan ƙaninsa ne ke rububin wannan ragowa don neman albarka. Yanzu Inna ta hana. Zubar da abinci kuma zunubi ne. Sai aka rasa wanda za a ba in ba kare ba.

Muna da kare, jajaye, mai dogayen ƙafafu. Baba ya karɓo shi wurin wani maharbi a Dagumawa bayan kura ta ɗauke mana akuya, don ya tsare awaki da lambunmu na bakin kogi. Ba shi da suna, Baba ya ce kare kare ne. Ba ya shiga cikin gida, iyakarsa gindin ɗorawa bayan katanga inda awaki suke. Mafaɗaci ne na gaske. Masu tallan kifi sai sun zagaya ta wani lungu, kuma akwai wanzamin da ya bar takalminsa ɗaya a ƙofar gidanmu bai dawo nema ba. A gaban mutane Baba yakan ce da shi, "Tafi can, najasa." Amma sau da yawa na leƙa ta kan katanga na gan shi tsaye nesa kaɗan, hannu a baya, yana yi wa karen nan bayanin yadda 'yan siyasa za su lalata ƙasa in Turawa sun tafi. Karen yana saurare, yana kaɗa wutsiya a daidai wuraren da suka dace.

Kwana uku Baba ya sha maganin. Hancinsa ya toshe, jikinsa ya yi la'asar. A rana ta uku ɗan saƙon hakimi ya zo gaishe shi, ana tsakiyar gaisuwa, ba a ko kai ga ina gajiya ba, barci ya ɗauke Baba a zaune. Har minshari. Rawaninsa ya zame ya rufe masa ido ɗaya. Da ya farka ya ji labari, ya rantse shi da ƙwayar nan har abada. Ciwon dai bai saki ba, yana nan nasa, kwalbar ma tana aljihu don nuna wa baƙi. Shan ne kawai aka daina.

Yaya ya zo ya roƙa, ya yi magiya, Baba ya ce shekara talatin yana ba da magani, ba akawu ne zai koya masa ba. Da zai koma, Yaya ya ja ni gefen rumbu ya danƙa mini wani ƙunshin takarda. Irin maganin ne, ya sake karɓowa. Ya ce, "Ke kike dama masa koko. Ni ina birni. In ya faɗi, kafin labari ya zo mini an gama komai. Ki san yadda za ki yi ya shiga cikinsa." Idonsa ya kawo ruwa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, mutumin da ya ɗura wa bijimai magani, 'yarsa ba za ta gaza ɗura masa ba.

Dabarar da na yi, har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Kullum da safe sai in ajiye ƙwaya ɗaya a ƙasan kwanonsa, in kwara koko mai zafi a kai don kada ya gani. Na ɗauka narkewa za ta yi ta bi koko kamar sukari. Wayo ya yi mini yawa har na manta Allah ya yi ludayi don juyawa. In kai masa, in durƙusa, ya ce, "Sannu uwata," ya sha daga sama a hankali, ya bar yatsa biyunsa. Ni da hannuna nake ɗaukar kwanon, in zuba ruwa kaɗan in karkaɗa, in kifa a kaskon kare ina kau da kai, don ba na son ko numfashinsa ya taɓa mini zane.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Baba garau. Ba barci, ba toshewar hanci. Na ce a raina ashe a cikin koko maganin ya fi karɓarsa, har na aika wa Yaya cewa aiki yana tafiya. Shi kuma Baba a zaure yana shelar cewa da tafarnuwa da ƙarfin zuciya yake riƙe da ciwon manya, ƙwayar Bature tana aljihu tana hutawa. In na ji sai in yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ga dai faɗansa ya ƙaru. Akuya ta taka masa tabarma ya yi mata tsawa har jijiyar wuyansa ta fito. Idonsa kullum ja, yana yawan dafe ƙeya. Na ce halinsa ne, ai a wurinsa na gado.

Kare kuwa sai ya shiga wani hali. Da farko ya rage haushi, sannan ya daina. Ya koma kwanciya a gindin ɗorawa, ido rabi a rufe, yana kallon duniya kamar tsohon alƙalin da ya gaji da shari'a. Rana na dukan ƙasa shi yana rawar ɗari. Cikinsa ya ɓaci. In ya tashi sai ya yi taku uku ya tsaya tunani. Kaji suka fara cin abinci a kaskonsa yana gani, 'ya'yan awaki suna hawa bayansa suna dira. Masu tallan kifi suka dawo bin ƙofarmu, har akwai wadda ta tsallake shi ta ce, "Sannu da hutawa."

Nan fa kowa ya zama likita. Inna ta ce sammu ne, ɓarayi ne suka ɗaure masa baki kafin su zo, ta sa aka yi turare a garken awaki. Limaminmu, mutum mai kyakkyawan zato, ya ce watakila shiriya ce ta zo masa, tunda Allah yana shiryar da wanda ya so. Tsohon dillali ya ce shi a ganinsa ciwon Malam ne karen ya ɗauka, tunda shi ke shan ragowarsa. Ya kusa gaskiya fiye da kowa, kuma shi ya fi shan zagi. Baba ya miƙe tsaye. "Kare da hawan jini? Tunanin me yake yi? Iyalin wa yake ciyarwa?" Kwana biyu bai amsa gaisuwar dillali ba.

Shi Baba, a matsayinsa na masani, ya fara cewa tsutsar ciki ce, aka jiƙa kanwa. Bayan mako ya ce sammore ne irin na shanu, aka dafa sassaƙe. Ni kuwa kullum ina kai wa marar lafiya kokonsa a kan lokaci, ba fashi. A duk ƙasar Wudil ban jin akwai wanda ya taɓa bin umarnin likita kamar karen nan.

Da aka yi wata guda da 'yan kwanaki, yawu ya fara dalala daga bakinsa. Baba ya je ya tsaya a kansa ya daɗe, ya dawo fuskarsa a murtuke. Ya ce haukan kare iri biyu ne, akwai mai cizo, akwai mai shiru, kuma mai shirun ya fi haɗari don ba ya yin gargaɗi. Akwai yara a gida. Ya aika Dagumawa a kira maharbin nan ya zo gobe da bindigarsa.

Washegari Alhamis. Na kai koko, Baba ya sha ludayi uku ya ture. Ya ce, "Uwata, kai masa. Na ƙarshe ne." Bai dube ni ba. Na fita bayan katanga, kuma a karo na farko tausayin karen ya kama ni, ban kifa kwanon ina kau da kai ba. Na tsuguna na tsiyaya masa a hankali. Da koko ya kusa ƙarewa sai na ga wani farin abu liƙe a ƙasan kwano, ya jiƙe ya yi laushi amma yana nan curi guda, yana gangarowa. Na tare da yatsa na ɗanɗana. Ɗaci.

Innalillahi. Wata guda ke nan ina jinyar kare, mahaifina kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga cikinsa ba. Jan idon nan, dafe ƙeyar nan, duk jinin ne yake ta hawa ina kallo ina yaba wa kaina.

Kuma a take na ga mafita, ba zan ɓoye ba. In yi shiru. A harbe kare, gobe in niƙe ƙwayar in juya ta sosai a koko, Baba ya sha ko bai shanye ba rabi ya shiga. Ba wanda zai sani har abada. Na yanke shawara a kan haka. Na koma cikin gida na wanke kwanon, na tsaya a bayan ƙyauren zaure, na cije leɓe.

Maharbi ya iso da hantsi da bindigar toka a kafaɗa. Maza suka taru, har da waɗanda karen ya taɓa kora, su ne ma a gaba. Baba ba ya iya yin abu ba jawabi. Ya tsaya ya yi bayanin hauka mai shiru, da alamominsa, da garuruwan da ya gan shi. Ya ce, "Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa kuskuren gane ciwon dabba ba." Ina leƙe ta kafar ƙyaure. Karen ya ji muryar da ya saba ji tana jawabi, ya ɗaga kai da ƙyar, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya a daidai wurin da ya dace. Maharbi ya ɗaga bindiga.

Ban san lokacin da na fito ba. Mayafina a karkace, ƙafa ba takalmi, a tsakiyar maza.

Na ce, "Wallahi yau ka yi kuskure, Baba! Ba hauka yake ba. Maganinka yake sha!"

Baba ya ce, "Uwata, koma ciki."

"Ba zan koma ba. Ni nake sa maka ƙwaya a ƙasan koko kullum tun ranar da Yaya ya tafi. Kai kuma ba ka shanyewa, wai kai dattijo. Shi yake shanyewa. Wata guda! Ko saniya ce da yanzu ta kwanta."

Maharbi ya sauke bindiga yana duban wannan yana duban wancan. Sai tsohon dillali ya fashe da dariya har yana dafa bango, yana cewa, "Ban faɗa ba? Ban faɗa ba?" Wasu suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa.

Na ga fuskar Baba ta yi baƙi, sannan ta washe, kuma wannan washewar ce ta fi ba ni tsoro. Ya gyara tabarau, ya nuna karen da sanda. "Jama'a, ku shaida. Ga abin da aka ce in riƙa sha. Kun san karen nan. Kun san yadda yake, wasunku da ƙafafunsu suka san shi. Ku dubi yadda ƙwaya ɗaya a rana ta mayar da shi. Kaji na cin abinci a gabansa. Haka ɗana da 'yata suke so su gan ni." Liman ya ce, "Subhanallahi." Sauran suka ɗauka, kowa na jinjina kai. Kafin azahar labari ya kai bakin gada cewa Bature ya ba Malam guba, Allah ya sa kare ya tare masa. Aka sallami maharbi da goro.

A ranar Baba ya sa na kawo ƙunshin da Yaya ya ba ni, ya haɗa da na kwalbarsa ya juye a masai. Kwalbar kam bai yar ba. Ya zuba mata ƙwayar dawa don ta riƙa ƙara in ya girgiza, sai dai ya daina ba da ita a leƙa. Ya ce daga yau Inna ce za ta dama masa koko, kuma Inna ba ta taɓa saɓa masa ba ko a kan gishiri. Duk da haka sai ya juye kokon daga wannan kwano zuwa wancan ya duba ƙasa kafin ya sha. Ni kuma na tashi daga uwata na koma "ke". Wannan ya ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa. Nakan shiga ɗaki in yi kuka, in fito in yi wa kowa masifa.

Yaya ya zo ƙarshen mako. Na ba shi labari ina jiran ya yi faɗa, da ya yi ma da na ji sauƙi, don na iya ramawa. Bai yi ba. Ya dubi ƙasa, ya ce, "To. Kin ceci kare." Ya shiga wurin Baba, ban ji abin da suka ce ba, ya fito ya kama hanyar tasha ko ruwa bai sha ba.

Kare kuwa bayan mako biyu ya fara buɗe ido. A na uku ya kori kaji. A na huɗu ya yaga zanen mai tallan kifin nan da ta yi masa sannu da hutawa. Duk gari aka ce ga hujja nan, an daina ba shi maganin Bature ya warke. Mutane suka riƙa zuwa neman shawarar Baba a kan jiri da ciwon kai, yana rubuta musu tafarnuwa. Ni ina gefe ina kallon jijiyar wuyansa.

Bayan an gama girbin gero ne, wata Juma'a da hantsi, maza duk sun tafi kasuwa, Baba ya tafi lambu shi kaɗai duba albasa. Ina tankaɗe sai ga wata mata daga bakin kogi a guje, ta ce in zo, Malam ya faɗi. Na tarar da masunta huɗu tsaye nesa, sun zo ɗaukarsa sun kasa. Baba na kwance tsakanin kunyoyin albasa, rawani a gefe, bakinsa ya karkace. Kare na tsaye a kansa, gashin bayansa a miƙe, haƙora a waje, duk wanda ya matso sai ya yi kansa. Lafiyarsa ƙalau, ƙarfinsa ya dawo tsaf, ni na dawo masa da shi. Sun ce sun fi rabin sa'a a haka. Ni kaɗai ya bari na matso, saboda ni na saba kai masa koko. Na rungume wuyansa da hannu biyu, yawunsa na zuba a zanena, na riƙe shi ina kuka ina zaginsa har suka ɗauki Baba suka wuce.

Ya yi mako uku a asibitin birni. Aka dawo da shi ɓarin dama ya mutu, magana ta ɗauke, sai gurnani. 'Yan dubiya suka sake cika zaure, amma wannan karon ba wanda ya nemi ganin kwalba. Waɗanda suka ce guba ce su ne suka fara cewa da ma an lallaɓa shi ya sha. Tsohon dillali ya zo ya zauna kusa da shi yini guda, bai yi tsokana ko ɗaya ba. Inna ta manta da dokar ware kwano, da hannunta take share masa baki.

Ni aka bar wa ciyarwa, don ba wanda ya iya da shi. Yaya ya kawo sabon magani. Safiyar farko na jingina shi da bango, na ɗebo koko a ludayi, na ɗora ƙwayar a sama a fili, na kai saitin idonsa ya gani. Na gaji da wayo. Ya dubi ƙwayar, ya dube ni, ya datse bakinsa da ɓarin da ke motsi.

Na ce, "Baba, an tambaye ka ne?"

Ya yi wani sauti, na zaci shaƙewa ya yi, ashe dariya ce da rabin baki. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ya buɗe baki ya haɗiye. Haka muka riƙa yi kullum. Amma duk safiya in koko ya kai saura yatsa biyu sai ya rufe baki ya kau da kai, ni kuma in ƙi, don likita ya ce ya rame, a tabbata yana ci. Mu yi ta fama, ina masifa yana gurnani.

Wata na huɗu, wata safiya, muka kai wurin da muke faɗa. Ya rufe baki. Na ɗaga ludayi zan fara sababi, sai na ga ba kau da kai yake ba, ƙofa yake kallo, ta wajen ɗorawa. Leɓensa ya yi ta rawa. Da ƙyar, kamar mai ɗaga dutse, ya ce, "Uwata. Rage masa."

Maganarsa ta farko ke nan tun ranar lambu. Na ajiye ludayin. Na ce, "Nasa daban na dama, Baba. Shanye naka." Ƙarya nake yi, ban dama ba. Ya dube ni, na san ya gane, amma ya buɗe baki ya shanye har ƙasan kwano, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Na tashi na koma madafa na hura wuta, na dama wani kokon, na kai gindin ɗorawa.

Shekara ɗaya da rabi ya ƙara a duniya, kullum koko biyu nake damawa. Bayan rasuwarsa ma ban daina na biyun ba, har karen ya tsufa ya mutu.